Shagon Baba mai gyaran gita da ampli a Agadas, abin da na gani da idona

Kusan duk sati sai wani yaro ya tare ni bayan mun tashi daga wasa ya ce don Allah yaya wa ke yi maka gyaran gita, ko ya ce ampli ɗina, wato akwatin ƙara sautin gita, ya fara kuka ina zan kai shi, to amsawa ɗaya bayan ɗaya a tsaye ana naɗe fil, wato wayar da ke haɗa gita da ampli, ba ta isa, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗi duk abin da na sani game da shagon dattijon nan, da mai daɗin da marar daɗin, wanda zai je ya je da saninsa. Shekara 12 ke nan ina kai masa kayana, ba ɗan'uwana ba ne, bai sa ni in yi wannan magana ba, bai ma san ina yi ba.

Shagon ba shi da allo ba shi da suna, ɗaki ɗaya ne na ƙasa da ƙofar kwano da ƴar rumfa a gaba, cikin lungunan bayan kasuwa, in ka tsaya a bakin ƙofar kana hango kan hasumiyar babban masallaci. Mu dai Baba muke ce masa, in ka ce wa mai kabu-kabu ya kai ka wurin Baba mai rediyo yawancinsu sun san wurin. Da can gyaran rediyo da kaset yake yi, har yanzu tsofaffin rediyoyi ne jibge a ciki har kusan rufi, ya ce mini lokacin da ƴan gita suka fara yawa a gari babu wanda ya san kan ampli sai suka riƙa kawo masa tunda ai duk waya ce da dalma, daga ampli aka koma kawo gitar kanta, a haka ya koya a hankali a hankali. Shi bai iya kaɗa ko waƙa ɗaya ba, amma wallahi kunnensa ya fi na da yawa daga cikinmu masu riƙe abin kullum.

Ni kuwa don ku san wanda ke magana, gita ce sana'ata, da ita nake ci da ita nake ciyar da iyalina. Ƴan'uwanmu na Najeriya jita suke cewa, duk abu ɗaya ne. A Janairun 2010 ina cikin taron da ya cika gindin masallaci ranar da Bombino, shahararren mai gitar nan na yankinmu, ya dawo gida ya yi wasa bayan tawaye ya lafa, ina ɗan shekara 17, kuma duk wanda ya zauna garin nan tsakanin 2007 da 2009 ya san a lokacin ganin mutum da gita ma abin fargaba ne, to ranar na ga an kunna ampli a fili kowa na tsalle, daga nan zuciyata ba ta sake komawa kan wani abu ba. Na fara da ɗaukar kaya da naɗe fil, sai aka ba ni gitar rakiya na yi wajen shekara 3 ina bin bayan wasu, sannan na samu aka sake mini solo, wato gitar da ke jan gaba. Orkestar 4, wato ƙungiyoyin kiɗa, na zauna zuwa yau, wata ta watse saboda rabon kuɗi, wata shugabanta ya tafi haƙar zinariya Jado a 2014 bai dawo kan kiɗa ba, wata ni na bari da kaina. Mun yi wasa a Arlit, a Cirozerin, a Ingal lokacin taron watan Satumba, mun je Tawa mun je Damagaram, amma asalin abincinmu bikin aure ne a cikin unguwanni, a tare titi a shimfiɗa tabarmi a kunna gurub, wato janareto, mu fara bayan la'asar zuwa magariba, mu dawo da dare. Turawa na ce wa kiɗan nan rok ɗin sahara, mu a nan gita kawai muke ce masa.

Abin da nake so a gane shi ne kayan mai wasan biki ba irin kayan wanda ke kaɗawa a ɗaki ba ne. Gitarka tana bayan babur cikin rana, ampli yana bayan mota yana dukan ƙarfe a hanyar Arlit, ƙura tana shiga ko'ina, yara na taka fil, masu rawa na tayar da yashi a gabanka, ga gumi, ga wutar gurub da ba ta tsayawa wuri ɗaya. Lokacin da bukukuwa suka yi yawa, bayan sallah musamman, sai mu yi kwana 5 a jere ba hutu. Duk abin da ka saya komai kyansa sai ya lalace, maganar kawai ita ce wa zai tashe shi kafin bikin gobe.

Farkon zuwana wurinsa da hunturu ne. Gitata kwafin Fender ce irin mai mikro 3, wato ƴan abubuwan da ke ɗaukar sautin tsirkiya a jikin gita, ba ta asali ba, hannu na biyu na saye ta wurin wani da ya shigo da ita daga Libiya, ko sunan da ke kanta ya goge. Sai na ga tsirkiyoyi sun yi sama sun yi nisa da wuya, dannawa sai da ƙarfi, yatsuna na ciwo, ga bakin ƙarafan nan na jikin wuya sun fito suna yanka mini hannu in na zame ƙasa. Wani ya ce mini wuyan ya mutu sai dai in nemi wata. Na kai wa Baba, ya karɓa ya ɗaga ta ya sa ido ta wajen kai kamar mai duba bindiga, ya danna tsirkiya a ƙarfe na farko da na ƙarshe ya leƙa tsakiya, sai ya ce ɗana gitarka lafiyarta lau, ƙishirwa take ji. Ya yi mini bayani cewa iskar hunturu tana busar da itace ya tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa shi ya sa bakinsa ke fitowa, kuma wuyan na lanƙwasowa gaba, da damina kuma in itacen ya sha raɓa sai ya koma baya tsirkiya ta riƙa taɓa ƙarfe tana zizza. Akwai wani dogon ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa da ɗan makulli mai kusurwa 6, ni a lokacin ban ma san da shi ba. Ya juya shi kaɗan, rubu'in zagaye kawai, ya jingine gitar ya ce mu sha shayi. Na ce Baba a ƙara mana tunda an fara, ya ce itace ba a yi masa gaggawa, wanda ya murɗa da yawa lokaci ɗaya shi ke karya ƙarfen, in ya karye kuwa ka yi sallama da wuyan. Sai da muka sha na farko da na biyu ya sake dubawa ya ƙara kaɗan, sannan ya ɗauko ƴar zarto mai laushi ya bi bakin ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, guda 21, yana shafawa da ɗan yatsa. Jikka 3 na biya, wato sefa 3000, gitar da aka ce mini ta mutu har yau ita ce a kafaɗata.

Aikinsa da ya fi burge ni kuwa shi ne na ɗan jakin sama, wancan farin abin da tsirkiyoyi ke hawa kansa a kusa da kai. Nawa na roba ne, ya tsage ta wajen tsirkiya ta 3, kullum in na ja tsirkiya sama sai ta maƙale sautin ya ƙi komawa daidai, ana tsakiyar waƙa kana jin kanka a karkace. Babu inda za ka sayi sabo a garin nan. Baba ya jawo wani gwangwanin madara cike da gutsattsarin ƙashi farare tas, ya ce ƙashin ƙafar raƙumi ne, wurin mahauta yake karɓa ya dafa shi ya fitar da maiƙon ya shanya wata da watanni. Ina zaune ya yanka ɗan guntu, ya goga shi a takardar yashi har ya shiga gurbin ba tare da an buga ba, ya ɗauki fensir ya sa alama 6, sannan maimakon zarto sai ya yanko guntayen tsofaffin tsirkiyoyi, kowane rami da kaurin tsirkiyar da za ta zauna ciki, yana gogawa yana hurawa yana ɗora tsirkiya yana dannawa yana saurare. Ramin ƙaramar tsirkiya ya fi ba shi aiki, sau wajen 5 yana cirewa yana mayarwa. Da ya gama ya goga bakin fensir a cikin ramukan don su yi santsi. Na haɗa da ampli na buga tsirkiya a sake, sautin ya daɗe yana tafiya kafin ya mutu, ni kaina sai da na kalli gitar. Jikka 2 ya ce. Wannan aikin ko a Yamai ban ga mai yin sa da wannan natsuwar ba. Kuma da irinsa yake juya wa bahagwai gita, tunda yaran da ke kallon Mdou Moctar, shahararren mai gitar nan na Nijar, yana kaɗawa da hagu sun daina tilasta wa kansu dama, sai su kawo gitar dama ya sassaƙa musu sabon ƙashi ya juya tsirkiyoyi ya gyara jakin ƙasa, inda tsirkiyoyi ke hawa a jikin gitar, yadda sauti zai daidaita a ƙarfe na 12.

To amma inda ya fi cetona shi ne ampli. Wani dare muna wasa a wani biki, an cika maƙil, mata sun zagaye, ango da abokansa sun shigo fili ana ta liƙi, ni kuma na shiga solo na buɗe bolum, wato abin murɗa ƙarar sauti, sai kawai fitilu suka yi wani irin haske fau, gurub ya canza murya, ampli ɗina ya yi ɗif, sai warin ƙuna. Ashe wani ne ya cire firiza da aka jona a jikin gurub ɗin, nauyi ya sauka lokaci ɗaya wutar ta haura. Mai ganga da mai kwarya suka riƙe wurin da tafi, na jona gitata a bafal ɗin waƙa, wato sifikar mai waƙa, muka lallaɓa muka ƙarasa, amma daren nan ban yi barci ba don washegari muna da wani bikin kuma an riga an karɓi kuɗin kafin alƙalami. Da asuba bayan salla na ɗora shi a babur na je na zauna a ƙofar shagon. Ya zo ya buɗe bayansa, abu na farko da ya jawo shi ne fis, sai ga shi an naɗe shi da takardar azurfa ta kwalin taba. Ya ɗaga mini ya ce ɗana wa ya yi maka wannan. Gaskiya wani mai gyara ne a wani gari ya yi mini watanni baya da fis ɗin ya ƙone, ya ce haka ake yi, ni kuma rashin sani ya fi dare duhu. Baba ya ce fis an yi shi ne don ya mutu a madadin ampli, wanda ya naɗe shi da azurfa ya hana shi aikinsa, shi ya sa wutar ta wuce ta cinye abin da ke gaba. Ya bi da mita yana aunawa, diyod sun tafi, kondansater manya guda 2 sun kumbura, taransisto na fita su ma sun tafi, Allah ya taimaka taransifo bai ƙone ba. Ya shiga cikin tarin matattun kayan nan nasa yana tonowa yana karanta lamba da gilashin ƙara girma, kafin azahar ampli ya yi magana. Ya sa fis mai lambar da aka rubuta a jiki, ya ƙara wasu guda 3 ya manna su da salatif a cikin akwatin ya ce in ya ƙone ka canza, in ya sake ƙonewa nan take kada ka sa na uku, kawo mini. Jikka 12 har da kayan. Kuma ya ce kada in sake jona ampli a gurub ɗin biki ba tare da regilater mai daidaita ƙarfin wuta ba, tun daga ranar regilater ɗina yana cikin jaka kamar katin ɗan ƙasa.

Akwai kuma maganar jan wuta, wannan ina roƙon yara su ji da kyau don rai ne. Da yawanmu mun saba hannu na kan tsirkiya in leɓe ya taɓa mikron waƙa sai ka ji ya cije ka, muna ɗauka abin wasa ne. Da na faɗa masa ransa ya ɓaci sosai, ya ce wannan abin yana kashe mutum. Ya duba ampli ya gyara abin da ke zubar da wuta a jiki, sannan ya yanko mini rodi ya ɗaure masa waya mai kauri ya nuna mini inda zan jona a ƙarfen ampli, ya ce duk inda kuka sauka ku kafa shi a ƙasa ku zuba masa ruwa sosai, don yashinmu busasshe ba ya karɓar wuta sai ya jiƙe. Mutane na kallonmu muna zuba buta guda a gindin ƙarfe kafin wasa, wasu har tambaya suke ko wani asiri ne, ni dai tun lokacin mikro bai sake cizona ba, kuma kukan nan na zuuu da ke bin gita mai siraran mikro ya ragu. Ragowar kukan ma ya rage shi da ya buɗe cikin gitar ya shimfiɗa takardar alminiyom a ramin ya haɗa ta da wayar ƙasa. Wannan rodin ko dala bai karɓa ba.

Ƙananan abubuwa irin su bolum mai ƙarar yashi in ka juya, ramin jak, inda ake soka fil, da ya saki, fil da ya katse a ciki, makunnin nan mai matsayi 5 da ke ɗaukewa, waɗannan kana zaune zai yi maka, wani lokaci ya ce ka sayo masa goro kawai. Abu ɗaya da yake yawan faɗa a kai, kada a ɗiga man inji ko fetur a cikin bolum, ƙura ke manne masa ya zama taɓo.

Yanzu bari in zo kan abin da ba na so, don in na ɓoye na cuci wanda zai je.

Baba ba ya riƙe lokaci. In aiki na gaggawa ne kuma kana zaune a gabansa zai yi, amma in ka ajiye ka tafi to sai yadda hali ya yi. Akwai lokacin da sifikar ampli ɗina ta yage tana kaɗawa kamar ganga mai huda, ya ce in dawo Laraba, na dawo Laraba bai taɓa ba, Alhamis ya buɗe, Juma'a daga masallaci ba ya dawowa shago, salularsa kuwa tana cikin aljihun rigar da ya rataye ko ka kira sau 10 ba zai ɗauka ba. Kwana 9 ampli na wurinsa, biki 3 na yi da na haya, kuma kuɗin haya daga rabona ake cirewa ba daga na orkestar ba, mu 6 ne muke raba abin da aka samu, ka ga abin da ya rage mini a satin nan bai kai na cefane ba. Na je raina a ɓace na ce Baba ka ce mini Laraba fa, ya ce ɗana gam ɗin bai bushe yadda nake so ba, in na ba ka shi ya mutu maka a tsakiyar mutane ni za ka zaga. Na yarda da maganar gam, amma kwana 3 na farko ai ba gam ba ne, mantawa ya yi, kuma da ya aiko yaro ya gaya mini da na san yadda zan yi. Har yau ina ganin bai kyauta mini ba a wannan. Kuma sifikar nan sati 2 kawai ta yi ta sake buɗewa. Iyakar abin da zan ce, da na mayar bai yi gardama ba, ya ce aikin bai yi ba, ya nemo wata tsohuwar sifika mai om 8 daidai da tawa ya saka, kuɗin sifikar kawai ya karɓa bai ƙara na hannu ba. Don haka in sifika ce ta yage sosai ni shawarata a nemi wata kawai, liƙin ba ya ɗaukar irin ƙarar da muke buɗewa.

Na biyu, ba ya ba da takarda, ba ya rubuta sunan kowa a jikin kaya, komai a kansa yake, kuma kayan sun yi yawa. Fil ɗina mai kyau da wani abokina ya kawo mini tsaraba ya bi wani ampli ya tafi, ba a sake ganinsa ba, ba sata ba ce, haɗuwa ce kawai ta kaya, amma ya tafi. In za ka kai abu cire fil da ɗamara da duk abin da ba shi ne ya lalace ba, ka sa alama da fenti a jikin naka.

Na uku, ba ruwansa da kwalliya. In kan bolum ɗinka ya ɓata zai ciro na tsohuwar rediyo ya saka maka, baƙi a cikin farare, in dunƙulen dalma ya fito waje bai dame shi ba muddin ya kama, ya taɓa huda mini murfin gita don ya ƙara dunƙule ɗaya ba tare da ya tambaye ni ba. Wanda ya sayi gita mai tsada yana ji da fentinta ya tsaya a kanta har a gama, ko ya gaya masa tun farko abin da ba ya so a taɓa, yana ji in an faɗa.

Sai fedal, ɗan akwatin da ake takawa da ƙafa don canza sautin gita. Irin na da mai batir 9 bolt, na ƙara kaushin sauti ko mai sa gita ta riƙa cewa wa-wa, yana gyarawa lafiya lau, ya ma tashi nawa da na jona masa caja mai juyayyen kai ya mutu. Amma manyan nan na zamani masu allo da lambobi, da ƙananan ampli masu kwamfuta a ciki, zai juya shi ya kalla ya miƙo maka ya ce wannan ba nawa ba ne. Wasu na jin haushin haka, ni kuwa a wurina wannan yana cikin abin da ya sa na yarda da shi, don na san masu gyaran da za su buɗe su lalata sannan su ce dama a mace ka kawo.

Ba zan manta da ƙarshen 2023 ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli aka rufe iyakoki, tsirkiyar da ke zuwa mana daga Sabon Garin Kano da ta Kwatano ta yanke, ɗan abin da ke shigowa ta Tamanrasat bai isa ba, kuɗin saiti ɗaya ya ninka kuma ko da kuɗinka ba ka samu. Ni ina amfani da saiti mai lambar kauri 9 zuwa 42, ƙaramar kuwa a wata sai in tsinka 3 ko 4 saboda yadda nake ja. Lokacin ne na ga amfanin tarin tarkacen Baba, ashe duk tsohuwar tsirkiyar da aka cire a shagonsa ba ya zubarwa, yana naɗe su a ƙusa bisa kaurinsu. Masu kauri ya dafa su a ruwan zafi dattin gumi ya fita su ɗan farfaɗo, wadda ta tsinke ta wajen ƙwallon ƙasa ya sake ɗaura mata ƙwallon in tsawonta ya isa, da ƙananan suka ƙare gaba ɗaya sai ya koma warware wayar birkin keke yana zaro sili ɗaya, sautinta ba daɗi sosai kuma tana cin yatsa amma tana fitar da biki. Yara da yawa da wannan suka yi aiki watannin nan, kuma bai tsawwala wa kowa ba alhali da ya so da ya yi kuɗi da mu, don babu inda za mu je. Har wani mai shago ya zo zai saye tarin gaba ɗaya ya hana shi a gabana.

Wanda zai je, lokacin da ya fi shi ne da safe daga ƙarfe 8 zuwa 11, da rana in zafi ya taso yana rufe ƙofa ya kwanta, sai bayan la'asar. Ka je da gitar da ampli ɗin tare ko da ɗaya ne ke damunka, don sau da yawa abin da kake zargi ba shi ne ba, na sha kai gita ashe fil ne. Ka gaishe shi da kyau ka zauna, kada ka tsaya a kansa kana duba agogo, kuma kada ka ce masa wani ya ce kaza ne ya lalace, bar shi ya gano da kansa. Ba ya son ciniki, abin da ya faɗa shi ne, kuma ban taɓa jin ya faɗi abin da ya wuce hankali ba, in ba ka da shi a ranar ka gaya masa gaskiya zai ce ka kawo bayan biki. Kayan bashi kuwa a biya don Allah, na san akwai waɗanda suka ci masa kuɗi suka canza hanya, shi ba zai bi ku ba amma muna sane.

Abin da ke damuna yanzu idonsa ne. Shekara 2 da suka wuce da gilashi ɗaya yake aiki, yanzu sai ya ɗora na ƙara girma a kan tabarau, ƙananan lambobin jikin taransisto kuwa jikansa ke karanta masa, yaro ɗan shekara 14 da ke zuwa bayan an tashi lakkal. Yaron hannunsa ya fara faɗawa da dalma, na ga ya gyara ramin jak tsaf, amma ƙashi har yanzu Baba bai bar shi ya taɓa ba sai gogawa a takardar yashi.

Shekaranjiya na kai ampli ɗin mai bas ɗinmu da ke ɗaukewa in ya yi zafi, muna da biki Alhamis a Dagamanat. Na tarar ya gama da wata gitar wani yaro, ya miƙo mini ya ce ɗana ɗan taɓa mini ita in ji. Na zauna a kan benci na kama wani kiɗan takamba a hankali, yaran lungu suka taru a bakin rumfa, shi kuma ya sunkuya ya kawo kunnensa dab da sifika ido a rufe, ya ɗaga mini hannu ya ce juya bolum, na juya, ya ce sake, na sake. Ya karɓe gitar ya ɗora a cinya ya jawo sukudireba ya ce akwai sauran ƙura a ciki, naku kuma ka dawo gobe bayan la'asar, in ka zo ka zauna a nan har in gama.